Sista Mai Taɓa Ƙafa

"Hajiya ta ce ba za ta haɗa zuri'a da mai shafa ƙafar gawa ba."

Injiniya ne ya faɗa, yana isar da saƙon mahaifiyarsa, kansa a sunkuye, yana murza guntun wayar lantarki a tsakanin yatsunsa. Suna tsaye a bayan asibiti, wurin da ake shanya zannuwan gado, rana ta yi sanyi. Babu iska ko kaɗan, amma fararen zannuwan nan sai motsi suke yi a kan igiya kamar akwai mai wucewa ta bayansu.

Sista, nas ɗin ɗakin mata, ta tsura masa ido har sai da ya ɗago.

"Gawa kuma? Ni masu rai nake taɓawa."

"Na faɗa mata, wallahi na faɗa. Ta ce an ba ta labarinki. Wai duk wadda kika taɓa wa ƙafa kika yi shiru, to danginta su fara neman likkafani."

"Shi ke nan ta raba mu?"

"Sharaɗi ta kafa. Ta ji an ba ki kujerar Babbar Sista. Ta ce in kin karɓa, kin hau bene kin zauna a ofis, kin daina taɓa marasa lafiya, ta yarda a yi auren. In kin ƙi, ta ce ko bayan ranta ba ta yafe min ba idan na aure ki."

Sista ta ji jakarta ta yi mata nauyi a kafaɗa. Takardar muƙamin tana ciki, sati uku ke nan a ninke, ba ta sa mata hannu ba. Ranar Alhamis ƙarfe biyu wa'adinta zai cika.

Injiniya dai suna ne aka laƙaba masa. Mai gyaran wutar asibitin ne, dogo, marar hayaniya, wanda ya yi wata takwas yana zuwa duba fankar ɗakin mata alhali lafiyarta ƙalau, kafin ya samu bakin cewa ya zo ne don Sista. Ita kuwa shekara huɗu da rasuwar mijinta, da 'yarta ɗaya, ta riga ta cire rai da sake jin zuciyarta ta buga don wani namiji. Sai ga shi ta buga. Tana sonsa, so mai ban tsoro, irin na wanda ya taɓa rashi.

Maganar taɓa ƙafa kuwa gaskiya ce, ba sharri aka yi mata ba. Duk safiya kafin ta duba katin mara lafiya, sai ta tsaya a ƙarshen gado, ta zura hannu ƙarƙashin mayafi ta kama ƙafafu. Marigayiya Babbar Sista ce ta koya mata tun tana sabuwar ɗauka. Takan ce, "Tsohuwa za ta ce miki da sauƙi don kunya, ko da ciwo yana cin ta. Bar ta da da sauƙinta, ki ji ƙafarta. In ta yi sanyi, ki nemo likita da gudu."

Shekara goma sha ɗaya tana wannan. Ta ceci mutane da yawa da hannun nan, amma mutane ba sa riƙe labarin wanda ya tashi ya koma gida. Waɗanda suka mutu ake ƙirga mata.

"Ki karɓa mana," in ji Injiniya, idonsa ya yi ja. "Me ke cikin ɗakin nan ban da warin magani da nishin tsofaffi?"

"Ni ce a ciki," ta ce.

*

A gida ma ba ta samu sauƙi ba. Inna, mahaifiyarta, tana jin zancen ta ajiye tsintsiya ta kama ƙugu.

"Ke wace irin mutum ce? An ba ki kujera, an ba ki miji, kin tsaya kina ruwan ido. Ofis mai fanka, ki tashi ƙarfe huɗu, Asabar da Lahadi kina gida kamar kowace uwa. Ni na tsufa, gwiwar nan ta gaji da raka Ummi makaranta. Ran nan malamarsu ta ce kowa ya zana gidansu, yarinyar nan ta zana ni da ita da kyanwa. Kyanwa ta samu shiga, ke ba ki samu ba!"

Sista ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta shige ɗaki ta kwanta da kayan aikinta, barcin gajiya ya ɗauke ta.

Sanyin wani ɗan hannu ne ya tashe ta. Ummi ce, 'yar shekara bakwai, tsaye a ƙarshen gado, ta zura hannu ƙarƙashin mayafi ta kama ƙafar uwarta. Fuskarta babu wasa, ta karkata kai gefe kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Ummi, me kike yi?"

"Dubawa nake ko kina nan."

"Ina zan je?"

"Haka kika yi wa Abba. Kika taɓa, kika yi shiru, sai bai ƙara tashi ba." Ta saki ƙafar. "Taki da ɗumi. Kullum in kina barci sai na duba."

Tsikar jikin Sista ta tashi. Shekarar Ummi uku lokacin, ba ta taɓa zaton yarinyar ta gani ba, balle ta riƙe. Ta jawo ta ta rungume, hawaye suna zuba a kan kitson yarinyar.

"Daga ranar Alhamis ni zan riƙa ɗauko ki daga makaranta. Kullum."

"Ki rantse."

"Na yi miki alkawari."

*

Ranar Talata ta yi kwalliya ta bi Injiniya don ta gaida Hajiya, ta faɗa mata da bakinta cewa ta karɓi sharaɗin.

Falon Hajiya duhu ne ko da rana, labulaye a sake, agogon bango yana tafiya da ƙarar da ta fi ƙarfin ɗakin. Tsohuwar tana kan doguwar kujera, ta miƙe ƙafafu a kan matashi, carbi a hannu. Mace ce mai kwarjini, ta raini 'ya'ya shida ita kaɗai, kuma Injiniya ne autanta. Ba ta saba a ja da ita ba.

Sista ta durƙusa kusa da kujerar.

"Ina wuni, Hajiya. Ya jiki?"

"Wa ya ce miki ba ni da lafiya?"

"Tuba nake, Hajiya. Na zo ne in ce na ji saƙonki, kuma jibi in Allah ya yarda zan sa hannu a takardar."

Fuskar Hajiya ta ɗan saki. Har ta gyara zama, ta ce wa ɗanta ya kawo wa baƙuwa ruwa. Da Sista ta tashi a lokacin ta yi sallama, da an wuce wurin. Amma hannu ba ya manta abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi. Tana durƙushe, bakin zanin Hajiya ya zame, sai ta miƙa hannu don ta gyara mata, tafin hannunta ya sauka a kan ƙafar hagu.

Sanyi ƙalau, kamar randa da asuba.

Ba ta san sa'ad da ta kama ta dama ba. Da ɗuminta. Ta koma ta hagu, ta danna bayan ƙafar da yatsu biyu tana neman bugun jijiya, ba ta samu ba. Ta yi shiru.

Shirun nan ne Hajiya ta ji.

"Innalillahi! Auna ni kika zo yi?" Ta fizge ƙafar, zafin fizgar ya sa ta cije leɓe. "A cikin gidana? Auta! Zo ka ga abin da ka kawo min!"

"Hajiya, don girman Allah ki saurare ni. Tun yaushe ƙafar nan take miki ciwo? Jini ba ya sauka cikinta. Yau ya kamata likita ya gan ki, ba gobe ba."

"Sanyi ne, na shafa man zafi. Fita! Bakinki ya sari ɗanyen kashi, ba dai ni ba."

A waje Injiniya ya juyo mata, kofin ruwan har yanzu yana hannunsa.

"Rana ɗaya! Rana ɗaya tak ba za ki iya barin asibiti a asibiti ba? Ta sauko fa, na ga ta sauko."

"Ka ji haushina yadda kake so, amma ka kai ta. Ka ɗauke ta ko tana zaginka."

"Kin san Hajiya kuwa? Wa ya isa?"

"To in ka ga ƙafar ta fara canja launi, kada ka tsaya neman izininta." Kuka ya ƙwace mata. "Na fi so ta rayu ta tsane ni."

Ya raka Sista bakin titi, ya juya ba tare da ya ce sai gobe ba. Laraba ta zo ta wuce, bai kira ta ba, fankar ɗakin mata ma ba a zo dubawa ba.

*

Ranar Alhamis ƙarfe ɗaya ta hau bene. Duk da abin da ya faru ta ƙudurta za ta sa hannu, ko don Ummi, ko don Hajiya ta huce.

Sakataren asibiti yana jiranta a ofishin Babbar Sista, ya sha ƙamshi har yana hawa kai. Shi ne ya tura sunanta gaban kwamiti, kuma kowa ya san dalili. Ofishinsa ne ke kallon wannan, kuma sau biyu yana aika wa Inna gaisuwa mai nauyi.

"Ga kujerarki, ranki ya daɗe," ya ce yana murmushi. "Daga yau ba ke ba fitsarin tsofaffi. Jadawalin aiki, taron safe, sa hannu a takardu, shi ke nan. Mace irinki ai ba ta dace da mai hawa tsani ba, ofis ya dace da ita."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta zauna. Kujerar ta yi mata faɗi. Shekara biyu ke nan da rasuwar mai ita, marigayiyar da ta koya mata aiki, masu riƙon ƙwarya sun zo sun tafi, amma babu wanda ya taɓa kayanta. Tabaraunta yana nan a kan tebur, farar rigarta a rataye bayan ƙofa, kafaɗunta a cike kamar akwai mutum a ciki. Shiru ya yi yawa a ɗakin. Ba tari, ba nishi, ba mai kiran Sista. Ta ji kewa ta kama ta tun ba ta bar ɗakin mata ba.

A bango, sama da tebur, akwai wata tsohuwar ƙararrawa ta ƙarfe, ta yi tsatsa. Marigayiya ce ta sa aka ja mata waya tun daga gadon ƙarshe na ɗakin mata, gadon da ake kwantar da wadda jikinta ya fi tsanani. Takan ce an hau da ita bene ne ba da son ranta ba, don haka duk wadda aka kwantar a gadon nan a danna mata, za ta sauko. Kuma tana saukowa, ko tana tsakiyar taro. Bayan rasuwarta Injiniya ya yanke wayar da hannunsa. Shi ya ba Sista labari, har ya nuna mata guntun da ya rage yana reto a jikin bangon matakala.

Sakatare ya shimfiɗa takardar, ya cire wa biro marfi ya miƙa mata.

"Nan da nan. Ƙarfe biyu kwamiti zai zauna."

Ta ɗora bakin biron a kan layin.

Ƙararrawar ta kaɗa.

Ƙara ce doguwa, a shaƙe, irin ta ƙarfen da ya daɗe bai motsa ba. Tsatsa ta zubo a kan takardar kamar garin barkono. Sista ta ɗaga kai, ta ga 'yar gudumar ƙararrawar tana rawa ba ta gama tsayawa ba.

"Ka ji?"

"Me fa?" in ji Sakatare. Amma murmushin ya bar fuskarsa, kuma ya ja da baya har ya jingina da ƙofa, kusa da farar rigar, sai kuma ya yi saurin matsawa.

Ta miƙe da takardar a hannu, biron a ɗaya hannun, ta fita. A matakala ta wuce guntun wayar, yana nan a yanke yana reto.

Ɗakin mata lafiya lau. Rana ta shigo ta tagogi, masu jinya suna firfita da kwalaye, ƙananan nas biyu suna rubutu a tebur. Ta wuce su har ƙarshen ɗaki.

Gadon ƙarshe babu kowa. An shimfiɗa masa sabon zani, an ja shi tsaf, an naɗe mayafin daga wajen ƙafafu kamar yadda marigayiya take naɗewa idan tana jiran mara lafiya.

"Wa ya gyara gadon nan?"

Nas ɗin suka dubi juna.

"Ba ke ba ce, Sista? Mun ɗauka ke ce kafin ki hau."

"Wa ya danna ƙararrawa?"

"Wace ƙararrawa?"

Ba ta kai ga amsawa ba aka banko ƙofar ɗakin. Gadon tura marasa lafiya ne ya shigo da gudu, ƙafarsa ɗaya tana kuka, Injiniya a bayansa babu hula, rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Sista! Ƙafar ta yi baƙi-baƙi tun safe, yanzu kuma numfashinta! Ɗauko ta na yi tana dukana!"

Hajiya ce, ta zama 'yar ƙarama a kan gadon, carbin ya naɗe a wuyan hannunta, ƙirjinta yana hawa da sauka da ƙyar. Kwarjinin nan duk ya tafi, saura idanu.

"Gadon ƙarshe," in ji Sista. Muryarta ta dawo daidai. "Ke, kira likita, ki ce a shirya ɗakin tiyata. Ke kuma jawo tukunyar iska."

Suka ɗaga ta suka kwantar. Sista ta zagaya ƙarshen gadon, ta miƙa hannu, sai ta tsaya cak. Ta dubi Hajiya.

Tsohuwar ta dube ta ita ma, dogon kallo. Sannan da kanta ta kama bakin zaninta, ta ja shi sama, ta buɗe ƙafar.

"Taɓa," ta ce da ƙyar. "Ki faɗa min gaskiya. Kada ki yi shirun nan."

Sista ta kama. Sanyin ya wuce idon sawu, ya hau har kusa da gwiwa. Ta bi da yatsunta sama, ta danna bayan gwiwar, ta rufe ido. Can ƙasa, kamar motsin ɗan tsako a cikin ƙwai, ta ji bugu.

"Akwai saura, Hajiya. Ba yawa, amma akwai. In aka shiga da ke yanzu, ina sa rai."

Sakatare ya iso yana haki.

"Sista, biyu saura minti goma! Kwamiti ya kusa zama. Ga yara nan za su kula da ita, ki sa hannu kawai in hau da ita."

Ta dubi takardar da ke hannunta, ta tuna Ummi a bakin ƙofar makaranta da jakarta a baya, tana leƙen hanya. Zuciyarta ta yi mata zafi kamar an ɗora garwashi. Amma katin Hajiya bai iso ba, likita kuma zai tambaya. Ta juya takardar ta ɗora a kan gwiwarta, ta rubuta lokaci a bayanta, da bugun zuciya, da inda sanyin ya tsaya. Ta maƙala ta a ƙarshen gadon.

"Takardar kwamiti ce fa!" in ji Sakatare.

"Ta samu aiki," ta ce. Ta juya ga ƙaramar nas. "In kin samu sarari ki kira Inna, ki ce ta yi haƙuri ta ɗauko Ummi. Ki ce ta gaya mata na karya alkawari, zan zo in ba ta haƙuri da kaina."

Likita ya shigo, ya karanta bayan takardar, ya taɓa ƙafar, ya ce a tafi yanzu.

Sai Hajiya ta damƙi hannun ɗanta.

"Auta... matso. Sharaɗin nan... da na kafa..."

Injiniya ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa bakinta, hawaye suna ɗiga daga haɓarsa. Sista ta san abin da ke rataye a bakin tsohuwar nan. In ta janye maganarta, an gama. In ta shiga tiyata ba ta janye ba kuma ba ta fito ba, Injiniya ba zai taɓa tsallake furucin uwarsa ba, ko da son zai kashe shi.

Amma ta ga leɓunan Hajiya sun fara yin shuɗi. Kowace kalma tana cin numfashin da ba ta da shi.

"Sharaɗin... ni dai..."

Sista ta ɗauki robar iska ta rufe mata hanci da baki, ta ja igiyar ta bayan kanta.

"Bari ta ƙarasa!" Injiniya ya kama hannunta. "Don Allah, kalma ɗaya ce! Rayuwarmu ce fa!"

"Tata ce a gaba." Hawaye suna gudu a fuskarta, amma hannunta bai motsa daga robar ba. "Ja numfashi, Hajiya. Ki riƙe maganarki, in kin fito kya faɗa, ko wacce iri ce."

Aka saki birkin gadon. Suka tura shi cikin dogon barandan da ke zuwa ɗakin tiyata, Injiniya yana bin su a baya yana kiran sunan Allah. Idanun Hajiya suna kan Sista ta saman robar, ba ta ɗauke su ba. Ita kuwa tana tafe a ƙarshen gadon, hannunta a ƙarƙashin mayafi, ta riƙe ƙafar nan mai sanyi, kuma ba ta sake ta ba har ƙofar ta rufe a bayansu.